Mutanen Nan Biyar Na Cikin Littafin Kawu

Ran kasuwar Bagudo da ta wuce na tsaya sayen ƙosai, yarinyar ta ƙunshe mini shi a wata tsohuwar takarda mai launi. Ban ko duba abin da ke jikin takardar ba. Warinta ne ya tsayar da ni, warin takardar da ta sha damuna a ƙasan akwati, ga mai mai zafi ya ratsa ta. Sai na ji gabana ya faɗi, da rana tsaka, a tsakiyar mutane, ni da nake da jikoki har da tattaɓa-kunne. Wani mai babur yana ta danna mini ham in kauce, ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙosai kamar wadda aka dasa. Na san warin nan sarai. Warin littafin da kawuna ya kawo gidanmu ne a shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kai.

Bari in gaya maka inda muke a lokacin. Ƙauyenmu yana can bayan Illo, gab da iyaka, inda fadamar shinkafar babana take ƙarewa a Nijeriya, ta danginmu kuma ta fara a Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Iyakar a wurinmu wani dutse ne da Nasara ya kafa a bakin hanya, a jikinsa muke ɗaure akuya in za mu shiga ciyawa. Mutanen can namu ne, ana aure, ana suna, ana zuwa gaisuwar mutuwa, ana haɗa Hausa da Dandanci a zance ɗaya ba wanda ya lura. Ban fi shekara takwas ba a lokacin, ƙanena kuwa bai daɗe da fara bin yara zuwa makarantar allo ba.

Kawun nan ƙanin innata ne, falke ne mai ƙafar yawo. Yana kai albasa da busasshen kifi kasuwannin tsallake, ya dawo da gishiri da ashana da kwalaben turare. Ya taɓa yin aiki a kantin wani Bafaranshe, a can ya tsinci karatunsu, kaɗan dai, wanda ya isa ya cika mana baki da shi. Littafin ma ba don mu ya kawo shi ba. Tsakanin kwalabe aka cusa shi don kada su fashe a hanya. Da ya kwance kaya sai ya wurgo mana shi ya ce mu yi wasa, washegari kuma ya shiga jirgin ruwa ya gangara kogin Kwara, ba mu sake ganinsa ba sai da bazara ta kusa.

Ni da ƙanena muna kwance a kan tabarma muna kallon bangon littafin, ko buɗe shi ba mu yi ba, sai ga inuwar kaka a kanmu. Uwar babana ce, kuma ita ce gidan. Ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, a zamanin da matan da suka yi haka a yankinmu ba su da yawa, don haka kullum bayan la'asar matan unguwa sukan zo da allunansu su zauna a gabanta. Fuskarta duk zanzana ce, don cutar agana ta kama ta tana ƙarama ta bar ta da rai. Tana da baki, ba a ja da ita, babana ma da gemunsa ƙasa yake kallo in tana magana. Mutum ɗaya ne yake juya ta yadda ya so, ƙanena. Maigidana take ce masa, ta ɓoye masa ƙanzon tuwo da kan kifi, ni kuwa sai dai in ji ƙamshi.

"Mi kunka riƙe nan? Ku kawo shi," in ji ta. "Kahin in sa mai wuta, bari in ga abin da zan ƙone."

Ta zauna a kan kujerarta ta tsugunno, ta ɗora ƙanena a cinya, ta yi bisimilla, ta buɗe littafin yadda take buɗe kowane littafi a duniya, daga dama. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Innata tana tsaye da muciya a hannu, matan allo sun fara shigowa, dukanmu a wurin daga dama muka san ana fara karatu, don ba mu taɓa ganin wani iri ba. Makarantar boko mafi kusa da mu tana Illo, kuma ba ɗan gidanmu ko ɗaya a cikinta.

Yanzu da na tsufa, na kuma yi bokon daga baya, zan iya gaya maka ra'ayina a kan littafin nan, don har yau shafukansa suna kaina. Takardar ba ta da kyau, mai araha ce, tana yagewa da an ja ta. Launin in ka matso da ido sai ka ga ashe ɗigo-ɗigo ne ƙanana, jan kuma yakan tsallake layi ya ɓata fuskar mutum. Maganar mutanen tana cikin wani farin kumfa da ke fita daga bakinsu, da rubutun Faransanci, wanda ba mai iya karanta shi a garin sai wanda ya tafi. Jarumai biyar ne, kowanne da tambari iri ɗaya a ƙirji, da'ira da ɗigo a tsakiya. Akwai shugabansu mai jar alkyabba, wanda yake tashi sama ba fiffike. Akwai mace mai koren kaya da farar jaka a ƙugu. Akwai wani gajere ƙaƙƙarfa da ke yawo da ƙofar ƙarfe a hannu, wanda har littafin ya ƙare ban ga amfanin da ya yi ba. Sai wani siriri da haske ke fita daga gilashin idonsa, da wani tsoho mai sanda da ke kiran iska. Abokin gabarsu kuwa wata ƙaguwa ce ta ƙarfe, ta fi rumbu girma, tana da idanu biyu masu wuta.

Faɗan ya yi yawa, gaskiya. Shafi bayan shafi ana naushi ana rusa gini, ba wanda ya zauna, ba wanda ya ci abinci, ba jaki ko ɗaya a garin, mutanen gari kuma duk fuska ɗaya aka yi musu kamar uwa ɗaya ta haife su. Amma mai zanen yana da baiwa guda, ya iya hannu. In ya zana hannun mutum, ko ba ka ga fuskar ba ka san ko tsoro yake ji ko murna. Da bai iya hannu haka ba, ina jin da kaka ta jefa littafin a murhu tun shafi na biyu, da kuma ban zauna ina ba ka wannan labari ba.

To ga abin da muka gani da yammacin nan. Shafin farko biki ne, gari ya cika, ana ɗaga tutoci, wata mata tana rungume da ɗanta tana dariya. Kaka ta dangwala yatsa a kan tutocin ta dube mu. Ba a daɗe ba da aka yi irin wannan bikin a Illo, aka raba wa yaran makaranta ƙananan tutoci, aka yi kiɗa aka ce Nasara ya tafi. Ba wanda ya san abin da zai biyo baya, manya suna ta ƙus-ƙus a zaure, wasu na cewa za a ƙara haraji, wasu na cewa za a rufe iyaka. Ta juya shafi. Sai ga mai jar alkyabba da yaron a tsakaninsa da uwar, hannayenta a miƙe. Ta sake juyawa. Ga mai koren kaya ta durƙusa ta kama damtsen yaron, jakarta a buɗe.

"Kun gani?" in ji kaka, muryarta ta yi ƙasa. "Shaida ta ka sa mai, awa yadda Hilani ka yi ma shanu."

Daga nan mai alkyabba ya tashi sama da yaron a hammata, garin ya zama ƙarami a ƙarƙashinsu. Sai ga shi a gaban ƙaguwar ƙarfe, hannunsa da hannunta duk a jikin yaron. Sai yaron a cikin ɗan yatsanta shi kaɗai, bakinsa a buɗe. Aka yi ta dambe, gidaje suna ci da wuta, can kuma mutum biyar ɗin suka koma wani ɗaki nasu suka tsaya suna hira, kamar waɗanda suka gama aikin da ya kawo su. Inda hotunan ba su haɗu ba, kaka ta haɗa su da bakinta, kuma ta iya haɗawa. Shafi na ƙarshe hoto ɗaya ne babba, uwar nan a bakin ruwa, ta durƙusa, hannayenta biyu a buɗe ba komai a ciki. Wata daga cikin matan allo ta yi salati. Ƙanena ya cusa kansa a ƙirjin kaka ya ƙi ɗagowa.

Ba ta ƙone shi ba. Ta naɗe shi a tsumma ta sa a ƙasan adudunta, ta ce abin da Nasara ya zana ya ɓoye a cikin kaya ba wasa ba ne, shiri ne, Allah ne ya tona. Daga ranar gidanmu ya canza. An shiga girbin shinkafa, lokacin da muka fi so, fadama ta yi ja, ana korar tsuntsaye da gwangwani, ana gasa sabuwar masara a bakin gona, amma ni ban ji daɗin komai ba. In na ji kukan shirwa sai in duba sama. In na ga jan zane a kan igiyar shanya iska na kaɗa shi, sai in ruga ɗaki. Labarin kuma bai tsaya a gidanmu ba, matan allo sun kai shi kowace rijiya, har ya dawo mana da ƙari, an ce ƙaguwar tana kwance a ƙarƙashin Kwara tana jira.

Ana cikin sussuka sai mai shela ya zaga gari da gangarsa. Ya ce mai gari na gaisuwa, ya ce agana ta ɓulla a wasu garuruwan bakin kogi, gwamnati ta aiko da masu lamba, kowa ya fito da 'ya'yansa ranar da za a faɗa, wanda ya ɓoye nasa zai gamu da hukuma. Lamba ita ce 'yar tsagar da ake yi a damtse don kada aganar ta kama mutum. Ko a da ma mutanenmu ba sa son ta, amma sukan bayar suna gunaguni. Wannan karon wani da ya dawo daga Illo ya ce ya gan su da idonsa, su biyar ne, sanye da kaya iri ɗaya, da tambari a ƙirji, kuma akwai mace a cikinsu mai ɗauke da farar jaka.

Na ji babana da kaka a ɗakinta, ina tsugune a bayan danga ina wanke kwanoni. A hankali yake magana, yana cewa umurnin mai gari ne, kuma ita ta fi kowa sanin abin da agana take yi wa yaro.

"Na san ta, ga ta ga huskata," in ji kaka. "Agana ta Allah ta, in ta ɗauka mu rufe da hannunmu, in ta bari mu gode. Waɗanga hwa? Wa ya san inda su ka kai ɗiyan mutane?"

Aka shirya cewa kafin ranar, kaka za ta bi ta fadama da mu biyu zuwa ƙauyen ƙanwarta a tsallaken iyaka, inda dogarin mai gari ba shi da iko, mu zauna har masu lamba su wuce. Na ji sanyi a raina, har na ɗaure ɗan zanena da tsintsiyar wasana na ajiye a bakin ƙofa.

Sai dai masu lamba sun san halin mutanen iyaka, ba su jira ranar da aka sa ba. Da hantsi innata ta ɗora mini tallan fura na nufi gindin tsamiyar da ake cin 'yar kasuwa. Ban kai ba na ji wani gurnani da ban taɓa ji ba, ƙasa tana rawa a ƙafata. Na waiga, sai ga wani abu na ƙarfe yana tahowa ta cikin karan dawa, da idanu biyu zagayayyu a gaba, rana na haskawa a cikinsu. Ka sani, ban taɓa ganin mota ba. Ƙwaryar ta suɓuce daga kaina, nono ya malale. Kafin in dawo hayyacina dogari ya riƙe mini wuyan hannu, ya tura ni cikin layin yaran da ya riga ya tattaro, kowa na tsala ihu.

Na ƙirga su, su biyar. Ba jar alkyabba, kakin gwamnati ne a jikinsu, amma na ce a raina ya cire ta ne don kada a gane shi. Macen ta durƙusa a gabana daidai yadda ta durƙusa a littafin, ta buɗe jakar, ta kama damtsena. 'Yar kudu ce, da ɗan gicciye a wuyanta, hannunta kuma da sanyi. Ta goga mini auduga mai wari kamar na kananzir, ta ɗiga wani ruwa, ta tsattsaga da allura. Ba zafi sosai, ƙaya ma ta fi shi. Amma fitsari ya zubo mini har ƙafa, ban ma sani ba sai da na ji ɗuminsa.

"Ya ƙare, yarinya," ta ce da irin Hausarsu. "Kada ki wanke, kada ki sosa."

Da aka sake ni ban nufi gida ba, don na san in na je zan jawo su ga ƙanena. Na shige cikin tarin karan dawa na kwanta, ina leƙen sama ta tsakanin kara, ina jiran a sauko a ɗauke ni. Tururuwa suna cizona ban motsa ba. Sai da rana ta karkata, gurnanin motar ya yi nisa, yunwa ta fito da ni. Na tarar da gidan shiru. Kaka ta ji ihun tun farko, ta goya ƙanena ta fita ta bayan danga, ta bi fadama. Innata kuwa tana durƙushe a tsakar gida, an gaya mata an kama ni, hannayenta biyu a buɗe a kan cinyarta. Da na ga hannayen nan sai na fasa ƙara, don na taɓa ganinsu.

Ta rungume ni, ta duba damtsen, ta ɗebo toka da lemun tsami ta dirje wurin har ya yi jini, yadda mata suke yi don su kashe lambar. Amma an makara, ɓuyan da na yi a cikin kara ya ba ta lokaci ta kama. Bayan 'yan kwanaki wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tara ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Da na duba shi da kyau sai na ga da'ira ce da ɗan rami a tsakiya, tambarin ƙirjinsu sak. Daga nan na daina fita tsakar gida sai in bi jikin bango, inda rufin ciyawa ya rufe ni. Na daina zuwa rijiya. Ko bayi sai innata ta raka ni ta tsaya tana kallon sama a madadina, ita ma ba don ta tabbata ƙarya ne ba. Ina kishin ƙanena ƙwarai a kwanakin nan. Ina cewa shi kaka ta zaɓa ta tsirar, ni ta bar ni.

Ƙurjin ya bushe, ɓawon ya faɗi, ba wanda ya sauko daga sama. Yaran da aka yi wa lamba tare da ni duk suna nan suna wasan langa a dandali. Na fara fita da rabin zuciya. Muna jiran kaka ta dawo, sai wani mai kiwo ya zo da labari cewa agana ta shiga ƙauyen ƙanwarta, an kafa ƙaya a hanya, ba shiga ba fita. Babana ya saɓa gatarinsa ya tafi a ranar, ya dawo shi kaɗai. An tsayar da shi daga nesa, kaka ta fito bakin ƙayar ta ɗaga masa murya cewa yaron ya kwanta, amma tana kansa. Innata ta daina cin abinci. Wannan tsoron daban yake da na farko, ba ya sa gudu ko ɓuya, zama kawai yake sa ka yi kana kallon hanya.

Zafi ya fara shigowa, mangwaro ya yi fure, sannan suka dawo. Na hango kaka daga nesa tana tafe a hankali, ta rame har zanenta na zamewa, da goyo a bayanta an lulluɓe shi da mayafi. Ta sauke shi a kan tabarma. Yana da rai. Fuskarsa ta zama irin tata, ramuka ko'ina. Na kira shi, ya juyo wajen muryata yana murmushi, ya miƙo hannu gefen da ba na nan. Idanunsa biyu sun yi fari fat. Kaka ta gaya wa matan da suka zo sannu cewa ko ba komai yana gida, ba a hannun ƙaguwa ba.

A cikin makon ne kawu ya dawo daga fataucinsa. Ya yi kuka da ya ga yaron. Da la'asar ana zaune a inuwa, innata ta ba shi labari tun daga farko, shi kuwa ya kasa gane wane littafi ake nufi, don ya manta da shi sam. Kaka ta aike ni na ɗauko daga ƙasan adudu. Ya kwance tsumman, ya juya littafin a hannunsa, ya buɗe.

"Yaro, ta baya ka kama shi," in ji kaka.

"A'a Inna," in ji shi, bai ma ɗago kai ba. "Na Nasara daga hagu a ka buɗe shi."

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Ya dube ta, ya dubi innata. Ya so ya rufe, kaka ta ce ya ci gaba. Na matso bayansa ina kallo. Ga uwar a bakin ruwa da hannu wofi, shafin farko ke nan. Ga mutum biyar a ɗakinsu, labari ya iso musu. Ga dambe, gari na ci da wuta. Ga yaro a yatsan ƙaguwa, ga mai jar alkyabba ya fizge shi, ya tashi da shi, ga mai koren kaya tana ɗaure masa raunin da ya ji a damtse. Ga uwar ta miƙo hannu. Ga biki da tutoci. Hotunan nan dai su ne, ko ɗigo ɗaya bai canza ba.

Kaka ta ce ya sake. Ya sake daga farko, a hankali, yana karanta abin da ya iya na cikin kumfar. Ta sa yatsa a kan shafin da yaron yake tsakanin mai alkyabba da uwarsa, ta daɗe a wurin. Ƙanena yana jingine da ita yana wasa da gefen zanenta, yana tambaya wane shafi aka kai.

"Ashe maido shi yay yi," in ji kaka.

Ta tashi ta shiga ɗaki, matan allo suka zo suka zauna har magariba ba ta fito ba. Ta ci gaba da koyar da su daga baya, amma ban sake jin ta yanke hukunci a kan wani abu da ƙarfin da ta saba ba. Sauran shekarunta a kan ƙanena suka ƙare. Ita ta zama idonsa, ita ta zuba masa Alƙur'ani a ka, aya bayan aya, har ya haddace. Ita ce kuma ta matsa wa babana ya kai ni makarantar Illo, abin da ya ba kowa mamaki. Ban taɓa jin haushinta ba tun daga ranar nan. Tausayinta nake ji, har yanzu da na girme ta a shekaru.

Yau abubuwa sun canza. Aganar ma ta ƙare a duniya, jikokina ba su san sunanta ba, in sun ga tabon damtsena sai su ce ƙuna ce. Yaro tun bai yi famfara ba ya san na allo daga dama, na boko daga hagu, bai ma san akwai lokacin da sanin wannan zai iya zama bambancin ido da makanta ba. Irin mutanen nan masu tashi sama kuwa sun cika wayoyin yara, suna magana da Hausa ma, ba mai jin tsoronsu. Masu rigakafi suna bi gida-gida da 'yan akwatunansu na ƙanƙara, kuma har yanzu nakan ji an ce wata ta tura ɗanta bayan ɗaki saboda wani abu da ta gani a waya. Ba na yi mata dariya, na san ba ƙin ɗan take yi ba. Nakan dai ɗauki mayafina in je gidan in zauna.

Ƙanena yana nan da ransa a Illo, ya yi furfura, yara suna ɗaukar karatu a zaurensa. Bai taɓa faɗin mummunar kalma a kan kaka ba, kullum yana cikin yi mata addu'a. Da na je gaishe shi kwanakin baya muka taɓo zancen littafin, na shiga ba shi labarin yadda yake a daidai, kamar yadda na saba tun muna yara, ina kwaikwayon gajeren nan mai ƙofa don ya yi dariya. Ya yi dariyar, sannan ya ci gaba da jan carbinsa.

"Yaya, na san maido shi yay yi," ya ce. "Kawu ya hwaɗa min, ke ma kin hwaɗa min, kuma na yarda. Amma ni da idona ɗaukar shi nig ga ya yi. Ban samu na sake dubawa ba."